Ranar da Allurar Kamfas Ta Tsaya a Kahu

Jiya jikana ya nuna mini alƙibla a wayarsa, sai na tuna da kawuna, tsohon malamin kimiyya. Maganarsa kullum ita ce: "A cire abu ɗaya, a duba, sannan a cire na gaba."

Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a muka tashi gina masallacin unguwarmu. Aka aro kamfas don fitar da alƙibla, amma allurarsa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Musu ya yi zafi, har wasu suka ce za su gina nasu daban.

Kawu ya tsuguna a kan jar ƙasa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Da farko ya sa aka kwashe shebur da diga. Sannan kekuna. Allura na nan tana rawa. Sai ya dubi liman, wanda ke zagayawa rungume da sabuwar lasifika.

"Malam, akwai maganaɗisu a cikinta. Matsa da ita can."

Liman ya yi dariya. "Alhaji, abin kiran sallar ne zai ɓatar da mu?" ya tambayi kawu.

"Shi fa."

Liman na matsawa, allura ta tsaya cak. A ranar muka haƙa harsashi, kuma har yau sahunmu ɗaya.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya yalwata masa makwanci.