Ranar da Na Kama Sunan Ɗan Farina

Na manta abubuwa da yawa da gangan. Na binne miji, na binne 'ya'ya uku, an kore mana shanu a rana ɗaya, duk na tura su baya na ci gaba da noma. Amma akwai wata safiya a asibiti da ba za ta fita raina ba har ƙasa ta rufe idona.

Ɗan farina ne ya kwanta. Mu a Gozaki, yadda muka taso, mace ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In zan aike shi sai in ce "kai", in ana zancensa in ce "yaron nan". Har ya yi gemu, ya yi aure, ya haifi biyu, bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Ban ga laifin haka ba. Haka uwata ta yi da yayana.

Da kaka ne, ya ɗauro masara a babur zai kai Malumfashi, mota ta buge shi, kansa ya daki kwalta. Aka wuce da shi babban asibiti a Zariya. Kwana tara yana kwance, yana numfashi, ba motsi. Matarsa tana gefen gado tana kuka. Ni ina can bakin ƙofa da carbina, don ko a nan ban ga ya dace in matsa kusa ba.

A rana ta goma wata likita ta zo, wadda ba ta kai shi shekaru ba. Ta manna masa wayoyi a ka, suka haɗu da wata na'ura mai zana layi. Ta ce tana so ta duba ko yana ji.

Na ce, "Mutumin da ko allura ba ta motsa shi, me zai ji?"

Ta ce, "Mama, kunne ƙofa ce kawai. Ainihin ji a ƙwaƙwalwa yake. Ba ki lura ba, ko kasuwa ta cika da hayaniya, in aka kira ki sai ki waiwaya? Ƙwaƙwalwa ce ke tankaɗe surutu kamar rariya, ta riƙe abin da ya shafe ta. Masu bincike sun ga cewa ko mutum ya yi dogon suma, wani lokaci tana amsa sunansa, musamman a muryar da ta sani."

Ta juya wajen surukata. "Kira shi."

Yarinyar ta sunkuya ta ce, "Malam."

"Da sunansa na yanka."

Ta rufe fuska da gyale. Ita ma ba ta kama sunan miji. Likita ta dube ni, na dubi bango.

"To wa ke kiran sunan bawan Allahn nan a gidanku?"

"Abokansa na tasha," in ji ni.

Likita ta yi 'yar dariya, sannan ta daina. Ta kira shi da kanta, layin bai nuna abin kirki ba. Sai ta zo har bakin ƙofa ta durƙusa a gabana, da farar rigarta.

"Mama, muryarki ce ta farko da ya fara ji a duniya."

"Ban raine shi ba. Ko hira ba mu yi."

"Tun yana ciki yake sauraronki. Ba a tambayi kunyarki ba."

Na tashi. Na matsa gefen gado. Na kai bakina kunnensa. Na faɗi sunan. Da ya fito, ni kaina ban gane muryata ba. Likita ta ce in sake, in riƙa yi a hankali. Na yi ta yi, ban ƙirga ba.

Can ta nuna mini wani ɗan tudu a layin, wanda ke tasowa duk sa'ad da na kira.

"Ya ji," in ji ta. "Ban ce zai tashi ba, wannan na Allah ne. Amma yana nan ciki."

Daga ranar na ɗauke tabarmata daga bakin ƙofa. Kullum da safe sai in kira shi, in gaya masa an casa dawa, akuya ta haihu, 'yarsa ta yi haƙori. Magana ta shekara talatin na yi masa a mako ɗaya. Ban san ko ita ta dawo da shi ba, ko magani, ko kwanansa ne ba su ƙare ba. Na dai san wata Laraba ya buɗe ido.

Ya warke, sai dai yana jan ƙafar hagu. Bai tuna komai na asibiti ba. Matarsa ce ta tona ni. Wata rana yana zaune a inuwar darbejiya na kawo masa kunu, ya ce:

"Inna, an ce kin kira sunana a Zariya. A sake, ban ji ba."

"Likita ta ce ka ji."

"Ƙwaƙwalwata ce ta ji. Ni ba a ba ni rabona ba."

"Sha kununka kafin ya huce."

Na juya na nufi madafa. Da na kai bakin ƙofa, ban waiwaya ba, na faɗa. Ba da ƙarfi ba. Kaji na ta kuka, ana daka a maƙwabta, duk da haka na ji ya ce, "Na'am, Inna."

Kunya tarbiyya ce, ban zubar da ita ba, a gaban mutane har yau "yaron nan" nake cewa. Amma na koyi abu guda: abin da naka yake jiran ji daga bakinka, ka faɗa masa tun yana iya amsawa.