Muryar Anti Tela a Wayar Kowa

A layin teloli babu wanda bai san Anti Tela ba. Gajera ce mai jiki, tef ɗin awo a wuya kullum, baki kuwa ba a cewa komai. Tun tana budurwa take taka keke. Da keken nan ta rufa wa mijinta direba asiri lokacin da motarsa ta kwanta, da shi ta kai 'yarta jami'a. Sai da furfura ta fara leƙowa ta ce ita ma fa karatun nan za ta yi, kuma a jami'ar da 'yarta take.

Mijin ya ce, "Yanzu da sa'o'in 'yarki za ki zauna aji?"

Ta ce, "Kai dai ka kai ni bakin ƙofa, sauran nawa ne."

Komai ya zo mata da sauƙi ban da Turanci. A rubuce ba ta da matsala, amma da ta buɗe baki sai harshe ya sarƙe. 'Yar ta sauke mata wata manhaja a waya: muryar wata mata ce ke faɗin kalma, kai kuma ka maimaita, in ka kuskure ta ce ka sake. Anti ta raɗa mata suna Uwar Iyayi. Ƙafa na taka keke, baki na bin Uwar Iyayi, wani lokacin har da tsaki.

Darasin Turancin ta intanet ake yin sa, malamar kuma ta raba ɗalibai guruf-guruf. Rabon wahala ya haɗa Anti da wani siririn yaro mai gilashin gayu da ake kira Farfesa, wanda in ya furta kalma biyu ta hanci sai ya dubi mutane ya ga ko sun ji. Aikin guruf dai ba ya taɓawa. Ɗabi'arsa ita ce ya shiga aji ta kwamfuta, ya bar ta a buɗe a kan tebur, ya tafi harkarsa, ko makirfo ba ya kashewa. Malamar ba ta iya latse-latse ba, sai ta damƙa wa Anti ikon rufe bakin masu hayaniya, tunda ita ce babba. Da Farfesa ya shigo Anti za ta rufe shi. In aka kira sunansa shiru, ta ce, "Malama, netwok ɗinsa ne." Ɗan wani ne, in ji ta, ai ba ta tona masa asiri ba.

Wata rana ta naɗi muryarta tana fama da wata kalma mai sa harshe tsakanin haƙora, don ta tura wa 'yarta ta gyara mata. Ana cikin haka wata mai kaya ta shigo gwaji. Anti ta latsa da sauri, allura a baki, ashe guruf ta tura. Kafin ta gama rage ƙugun rigar nan, Farfesa ya ɗora wa muryar kiɗa ya watsa wa duk aji. Kafin mako ya zagayo, ita ake ji in wayar ɗalibai ta yi ƙara.

Dariyar yara ba ta dame ta ba, ta ga abin da ya fi haka. Abin da ya ƙona mata rai 'yarta ce. Yarinyar da a da take riƙe mata jaka har bakin aji, sai ga ta tana sauka daga mota tun kafin a iso, tana bi ta ƙaramar ƙofa. Ta ce, "Umma, don Allah ki daina kirana a gaban mutane." Anti ta shiga shago, ta yanka yadin mutane a karkace, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ajiye almakashi ta ce, "Wallahi sai na rama." Ba ta kai ƙara ba, ba ta zage shi ba. In sun haɗu ma har ta ce, "Ɗan nan, ya karatu?" Mai jiran ramuwa ce, ba ta da gaggawa.

Ranar da kowane guruf zai gabatar da aikinsa, aji ya cika, har da malaman da aka gayyato. Anti na shago da hantsi tana bin ajin ta waya, 'yar na gefe tana ɗinka maɓallai, fuska a murtuke. Farfesa ya shigo, makirfo a buɗe kamar kullum. Yatsan Anti ya tafi da kansa zai rufe shi, sai ta ji wata murya daga wajensa da ko a mafarki za ta gane. Uwar Iyayi ce! Kuma darasin 'yan koyo, wanda ita ta wuce tuni.

Matar ta faɗi kalmar nan mai sa harshe tsakanin haƙora. Farfesa ya maimaita. Ta ce ya sake. Ya sake, ta ce ya sake. Ya yi tsaki, ya roƙe ta, ya zage ta da Hausa tsantsa, babu hanci babu gayu. Sunansa kuwa na haskawa a allon kowa.

Malama ta ce, "Anti, rufe mana shi!"

Anti ta janye yatsanta a hankali, ta ɗauki zare tana neman kafar allura. Wayyo, daɗi! Ta bar shi ya yi ta sakewa, har wani baƙon malami ya ƙware da dariya, har wani abokin Farfesa ya buga masa waya, aka ji faɗuwar kujera, allonsa ya mutu.

Ba a jima ba Farfesa ya kira ta. "Anti, ai kullum ke kike rufe ni. Me ya faru yau?"

Ta ce, "Netwok ne, ɗan nan."

Da ta ajiye wayar, 'yar na kwance a kan tulin yadi tana share hawayen dariya. Ta ce, "Umma, gobe tare za mu shiga."

Anti ta ciji zare ta ce, "Ta babbar ƙofa. Kuma ke za ki riƙe jakar."