Ɓerayen Malam da Magogin Gorona

Wata bakwai ke nan da rasuwar Malam, kuma har yau in na buɗe baki zan yi zancensa sai hawaye su riga maganar fita. Ba na ɓoye su. Ni ban san baƙi ba, shi ne mai alƙalami a gidanmu, don haka faɗa nake ana rubutawa. Amma wannan labarin na dariya ne, shi kansa bai taɓa kai shi ƙarshe ba sai ya riƙe ciki.

Damina biyu bayan mun sami mulkin kai, muna sabon aure a Illela, Malam yana koyon aiki a hannun wani likita Bayarabe mai binciken ƙwaƙwalwa. A lokacin wata ƙwaya ta fara yawo a bakin iyaka. 'Yan dako da masu kora shanu tsakaninmu da Ƙwanni suna haɗiyarta don kada su gaji, in sun saba kuma ba sa iya bari. Likita yana son ya san abin da ke kama mutum haka. Ya ce a fara da goro, tunda shi ke hannu kuma kowa ya san kamunsa. Ya aiko wa Malam fararen ɓeraye goma cikin keji biyu. In aikin ya yi kyau zai tura shi Ibadan ya ƙaro ilimi, in bai yi ba ya koma wankin kwalabe a ɗakin magani.

Keji ɗaya ana jiƙa musu goro a ruwan sha, ɗayan kuma ruwa zalla. Bayan wata guda sai a yanke wa masu goron, a ga yadda za su yi. Kullum da safe Malam ya auna su a sikeli, ya rubuta wanda ya yi barci da wanda ya yi faɗa, sannan ya tafi ɗakin magani. Maƙwabta sun sami abin yi. Matar mai gidan da muke haya ta ce da ni, "Kowa na neman kyanwa, ke naki mijin kiwon kusu yake yi."

Wata safiya yana rubutu ya ce, "Ke 'yar Tozai, kin san inda kwaɗayin goro yake zaune?"

"A baki mana."

Ya ƙwanƙwasa min goshi da fensir. "A nan yake. Baki ɗan aike ne kawai."

"To kai da ba ka ci, mi ke zaune a naka?"

"Ibadan," in ji shi.

Ni kuwa a gidan mahaifina na Tozai ba a cin goro wani yana kallo. Ko ƙwaya ɗaya ce, sai an fasa ta ta kai ga kowa. Ga keji biyu gefe da gefe, waɗannan na sha, waɗancan sun maƙale da waya suna shinshina. Raina bai ba ni ba. Da Malam ya fita sai in ɗauko magogina in goga jan goro, in ba waɗanda aka hana. Da aka yanke wa na farkon, na ga abin ya wuce misali, don ni na san ciwon kan rashin goro. Sai na riƙa ba su dukansu. A ganina taimako nake yi. Duk kiwon da na sani, in dabba ta yi ƙiba tana wasa, to mai ita ya iya aiki.

Malam ya zauna jiran ɓeraye su rikice, su kuwa sai tsalle suke. Ya auna, ya sake aunawa, keji biyu ba bambanci. Tuwo ya daina shiga masa. Ya ce, "Littafin awon nan yana cewa goro ba ya kama rai, alhali ni ina zaune da ke, na san ƙarya yake."

Saura kwana biyu likita ya zo, Malam ya manta fensirinsa ya dawo gida da hantsi. Ya same ni a tsugune da magogi, ga ɓeraye goma farare tas, kowanne da jan baki kamar tsoffin kasuwa.

"Tun yaushe?"

"Tun makon farko."

Ya zauna a kan turmi. Da faɗa ya yi min da na fi jin daɗi. Daga baya ya ce gaskiya zai faɗa wa likita, abin da Allah ya yi shi ke nan.

Ranar da likita ya zo suka zauna a zaure, ni ina bayan zana ina ji. Malam ya ce aiki ya ɓaci, kuma sakacinsa ne, bai ko ambace ni ba. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ranka ya daɗe, ba shi ba ne, ni ce. Kuma ba laifin bayin Allahn nan ba ne su ma. Ai ko ƙarar magogi suka ji, tun ban kawo goron ba, sai su taru a bakin keji suna rawar jiki."

Likita yana jin Hausa, ko da yake tana karkacewa a bakinsa. Ya ce, "Uwargida, sake faɗa. Ƙarar kawai?"

Na ce ƙarar kawai. Na kuma gaya masa ranar da na je suna Gidan Katta na dawo bayan la'asar, na tarar sun gwaigwiyi waya har babban cikinsu ya ji wa bakinsa ciwo. Ya sa aka fito da kejin duka biyu tsakar gida, ya ce in goga magogi ba goro. Na goga. Duk goman suka yo kan ƙofa suna hawa kan juna. Likita ya yi ta dariya har ya cire tabarau yana share ido. Ya ce da Malam, "Aikin da na ba ka ya mutu. Amma rubuta wannan, kada ka rage komai. Zan aiko da wasu ɓerayen, ka sake daga farko, wata uku."

Sharaɗi ɗaya ya kafa, wai a bayyana min aikin tun daga tushe, tunda ni ke wuni da su. Malam ya zaunar da ni ya yi min bayani har na gane cewa in ba a hana wasu ba, ba za a san abin da goro ke yi wa wasu ba. Na gane, amma wata ukun nan sai bayan ɗaki nake zagayawa in ci nawa, don kunyar idonsu.

Da kaka takardar tafiya Ibadan ta zo. Na yi masa guzurin dakuwa da kilishi, ya hau babbar mota ta Sakkwato yana ɗaga min hula, mutane na kallo, ni ina jin kunya ina dariya. Waccan tafiyar shekara biyu ya yi ya dawo min. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. A dakata da rubutun haka nan, muryata ta ƙi.