Guntuwa da Bugun Zuciyar Tsohon Direba

Guntuwa ake ce mata a asibitin, ita kuwa ko a jikinta. A shagon yayanta na gyaran waya ta fara riƙe sukundireba. Bayan ta yi aure ta haihu, mijinta, wani tela mai barkwanci, ya ce ta koma makaranta, shi zai ji da raino. Haka ta zama mai kula da na'urorin ɗakin masu ciwon zuciya.

A ɗakin, ana liƙa wa majiyyaci wasu 'yan faifai a ƙirji, a rataya masa ƙaramar na'ura mai aika bugun zuciyarsa ta iska zuwa allon da ke teburin nas-nas. Aka kwantar da wani tsohon direba mai fama da jiri. Likita na son ganin abin da zuciyarsa ke yi idan jirin ya taso, amma kullum da la'asar sai layinsa a allo ya rikice, ya ɓace.

"Guntuwa, na'urarki ta sake yin yaji," in ji babbar nas.

Ta sauya batir, ta sauya wayoyi, sannan ta tsaya a kan tsohon da reza.

"Baba, ka yi haƙuri, sai mun aske gashin ƙirjin nan. Shi ke hana faifan kamawa."

"Haba 'yata," ya ce yana shafa sanƙonsa, "shi kaɗai fa ya rage mini."

Ta aske, ta goge gumi, ta liƙa sababbi. Layi ya fito tas. La'asar na yi ya sake ɓacewa. Ranar ta koma gida jiki a sanyaye.

Kashegari ta ja kujera ta zauna kusa da shi.

"Baba, tsakaninka da Allah, ina kake zuwa da la'asar?"

Ya sosa ƙeya. Ashe ƙarshen baranda yake lallaɓawa, wajen tagar da ke kallon titi, ya ga wucewar manyan motoci.

"Ba na iya wuni ban ji kukan inji ba," ya ce.

Guntuwa ta liƙa wa kanta faifai, ta rataya wata na'urar, ta kira babbar nas a waya ta ce ta sa ido a allo. Ta bi barandar a hankali.

"Ina ganinki. Har yanzu ina ganinki. Tsaya, kin ɓace!" in ji babbar nas ta wayar.

Ta ɗaga kai. Wani sabon kabad na ƙarfe, wanda aka kawo don zannuwan gado, ya tokare eriyar da ke karɓar saƙo a bangon. Ta nemo masu shara suka taya ta turawa, tana nishi tana dariya.

Da la'asar tsoho ya tafi tagarsa, nas guda a gefensa. Jiri ya ɗebe shi, aka tare shi ya zauna. A allo kuwa komai ya fito ɓaro-ɓaro: zuciyar na ɗan tsayawa kafin ta ci gaba. Likita ya buga tebur.

"Mun kama ta!"

Aka dasa wa tsohon 'yar na'ura mai daidaita bugun. Ranar sallama ya fito da ƙafarsa, ya tsaya tsakiyar ɗaki ya nuna Guntuwa, ya ce duk mai hannu ya tafa wa 'yarsa. Har masu kwance suka tafa. Ita kuwa kunya ta kama ta, ta rufe fuska da jakar kayan aiki.