Libarbar Baffana

Warin man keken ɗinki ne ya tuno mini da baffana jiya a unguwar Laranto. Lokacin yana ɗan sanda, da irin man nan yake goge libarbarsa, ƙaramar bindiga mai nauyin gaske. Yakan zazzage harsasan a tsumma tukuna.

Wata rana na tambaye shi, "Baffa, ka taɓa harbin mutum?"

Ya jima yana gogewa kafin ya ce, "Sama na harba, ranar da jama'a suka rufe wani direba da duka a tasha. Suka watse, na fitar da shi da ransa. Hannuna ya wuni yana zogi."

Har yau ina tunanin direban nan, ko ya ji labarin rasuwar Baffa. Allah Ya haskaka kabarin Baffa.