Kwana Ukun da Na Hana Yaya Habibu a Athens

Shekara ashirin da bakwai ke nan da muka sa Yaya Habibu a ƙasa a Guangzhou. Mu goma sha biyu ne a kan kabarin, rabinmu Musulmin China ne da ba su taɓa jin sunansa ba sai ranar. Yana da shekara arba'in da huɗu. Ni ƙanensa da nake binsa da jaka, bana na cika sittin, na yi furfurar da shi bai samu ya yi ba.

Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya. Shi ne mai karatun gidanmu. Yana saurayi aka tura shi Girka ya koyi aikin injin jirgin ruwa, ya yi shekara shida a Piraeus, tashar jiragen ruwan birnin Athens. Da ya dawo, aikin da aka yi masa alkawari ya riga ya mutu. Bai tsaya jira ba, ya kama rumfa a Ƙofar Wambai yana sayar da takalma, daga baya ya jawo ni. A ƙarshen shekarun 1990 muka fara zuwa Guangzhou saro kaya, lokacin da baƙar fata a titin Zhanxi Lu ba su fi a ƙirga su da yatsu ba. Abokin zamanmu a masauki shi ne Alhaji Lawali, ɗan kasuwa daga Maraɗi, wanda ya riga mu sanin garin.

A tafiyarmu ta uku Yaya ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya yanka mana tikitin komawa ta Athens, da tsayawar kwana uku, ya kuma sha wahala ya samo mana biza. Duk yamma idan mun dawo daga kasuwa mun yi la'asar, sai ya shimfiɗa wata tsohuwar taswira a kan gado, wadda ta yage a wuraren ninki, ya hau zaɓen inda za mu je. Kwana uku, wuri uku, a fita da safe a dawo da yamma. Akwai Delfi, kangon wani tsohon wurin bauta a gefen dutse, tafiyar kusan awa uku a bas. Akwai Suniyon, inda fararen ginshiƙai suke tsaye a bakin teku, shi rabin yini ya isa. Akwai tsibirin Hidra, inda ya ce babu mota sai jakuna. Akwai kuma wani jirgin 'yan yawon buɗe ido mai zaga tsibiri uku a yini ɗaya, wanda ya tsana. Yana cewa wanda ya hau shi ya ga ruwa ne kawai da bayan kawunan mutane.

Kullum lissafin sai ya canza. Yau ya cire Delfi don nisa, gobe ya mayar da shi ya cire Hidra. Wuri ɗaya ne bai taɓa cirewa ba, tsibirin Egina. Na lura da haka, ban tambaye shi dalili ba. Hankalina yana kan takalma. Sallah ta matso, kuma duk wanda kayansa suka riga shiga Kano shi ke cin kasuwa.

Wata rana na ce masa, "Yaya, kangon masu bautar gumaka za mu bar kasuwa mu je kallo?"

Ya ce, "Ba bauta za mu yi ba, Nasiru. Mutane ne da suka fi mu ƙarfi da dukiya. Ina so ka ga abin da ya rage musu."

Ban yarda ba. Fasfo da tikiti duka a hannuna suke. Ranar Litinin na ce masa zan je garin Xintang in duba wandunan jins, na zarce ofishin jirgi na mayar da tafiyarmu kai tsaye, babu Athens. Washegari na gaya masa, a shagon wani lawban, wato mai shago, yana riƙe da takalmin mata yana duba ɗinkin ƙasansa. Na zaɓi wurin ne da gangan, don na san ba zai yi mini faɗa a gaban baƙo ba.

Ya ce, "Har da nawa ka canza?"

Na ce, "Har da naka."

Ya daɗe yana kallon takalmin. Sannan ya ce, "To. Allah ya sa haka ya fi alheri." Ya juya ya tambayi lawban ko akwai baƙi mai lamba arba'in, mutumin ya ce meyo, babu. Da yamma bai fito da taswirar ba, bai kuma sake fito da ita ba. Kwana uku yana yi mini magana kamar kullum, yana zuba mini shayi, yana tsokanar Alhaji Lawali a kan Hausar Maraɗi. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ranar Juma'a muka yi salla a Masallacin Huaisheng, muka koma Zhanxi Lu don mu ga an ɗaure kaya. A matakalar hawa na biyu ya tsaya, ya dafa bango, ya ce in ba shi minti ɗaya. Ya zauna a kan matakala, mutane suna raɓa shi da kwalaye a kafaɗa. Kafin mu kai shi asibiti ya cika. Likita ya nuna ƙirjinsa, mai fassara ya ce zuciya ce. Da na buɗe jakarsa na tarar da magunguna kala huɗu da takardar wani likita na Kano. Ya san halin da yake ciki tun kafin mu taso, bai gaya wa kowa a gida ba.

Bayan mun dawo daga maƙabarta Alhaji Lawali ya zaunar da ni. Ya ce, "Malam Nasiru, mi ya sa ka canza tikitin nan? Bai gaya maka zancen tsohuwar ba?" Na ce wace tsohuwa. Ashe a sanyinsa na biyu a Girka ciwon huhu ya kwantar da Yaya, har abokan karatunsa suka fitar da rai. Matar da yake haya a gidanta, wata gwauruwa da yake kira Kiriya Eleni, ita ta ɗauke shi ta kai shi garinsu a Egina, ta yi jinyarsa kwana arba'in. Har sabuwar tukunya ta saya don kada abincinsa ya haɗu da naman alade. Ya dawo gida yana cewa zai koma ya gaishe ta, shekara ta bi shekara. Delfi da Suniyon don ni ya sa su. Egina ce tasa.

Mutane sun ba ni haƙuri da cewa ko ban canza tikitin ba, ba zai kai ranar tafiyar ba. Gaskiya ne, saura kwana biyar jirginmu ya tashi ya rasu. Na kuma rubuta wa tsohuwar wasiƙa da adireshin da na samu a littafinsa, bayan wata huɗu ɗanta ya amsa cewa ta shekara biyu da rasuwa. Ke nan ko ya je, kabari zai tarar. Duk wannan na sani. Amma bai canza abu ɗaya ba: mutum ne da ya san kwanansa ya ƙare, yana da buri guda da yake tashi da shi kullum, ni kuma na karɓe shi a gaban baƙo saboda takalman Sallah.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga zamanin nan. Yaranmu suna saro kaya daga Guangzhou ta waya, ba su taɓa taka matakalar nan ba. Wuraren da yake kwashe yamma guda yana auna wanne ya fi, yanzu jikana yana nuna mini su a waya cikin minti biyu, har da farashin jirgi da ra'ayin waɗanda suka je. Na ga hotunan mutane a Suniyon, kowa ya juya wa ginshiƙan baya yana murmushi. Ina jin zai yi dariya, sannan ya tambaya ko a cikinsu akwai wanda ya je don wani mutum. Ni dai har yau ban je ba. Sau biyu ina samun hali, sau biyu ina fasawa.

Rumfarsa ta Wambai an sayar da ita tuntuni. Takardun karatunsa gara ta ci. Alhaji Lawali, wanda yake ziyartar kabarin duk lokacin da ya je, shi ma ya rasu, ban san wanda ya sake tsayawa a kansa ba. Abin da ya rage na Yaya Habibu shi ne 'ya'ya uku da suka ɗauko halinsa na yin shiru idan an cuce su, halin da mutane ke yabo, ni kuwa yake ba ni tsoro.

Autarsa Hauwa tana da shekara biyar lokacin da ya rasu. Tun da ta yi wayo take tambayata, "Baba Nasiru, a kwanakinsa na ƙarshe yana cikin farin ciki?" Kullum ina ce mata ƙwarai kuwa. Hauwa, yau kin ji amsar. Yana cikin farin ciki har ranar Talata. Allah ya ji ƙan mahaifinki, ya haskaka kabarinsa a ƙasar da babu mai kiran sunansa. Ni kuma, idan kin iya, ki yafe mini a madadinsa.