Kansilan Riƙo

'Yar ƙanena ce, amma a hannuna ta tashi tun tana tatata, bayan rasuwar ubanta. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Yanzu tana koyar da aikin lauya a jami'a. Bara da kaka, muna tsakiyar ɓarzar masara, ta sauka Funtua ta hawo ɗan acaɓa zuwa ƙauyenmu, ita da wata baƙuwa, malamar jami'a daga Kenya.

Bayan sun ci tuwo ta yi mini bayani. Jami'arsu da ta baƙuwar da wata a Jamus sun haɗu suna bincike a kan yadda ake raunana mulkin jama'a da doka, ba da bindiga ba. Aji ɗaya suke koyarwa tare ta kwamfuta.

"Baba, so muke ka ba ɗalibanmu labarin kansilancinka."

Na yi kansila shekaru da dama, amma ba wanda ya taɓa jefa mini ƙuri'a. Na riƙo ne. In wa'adinmu ya ƙare, sai a gyara layi ɗaya a doka, a ce zaɓe bai samu ba tukuna, a sake rantsar da mu. Na daɗe ina alfahari da cewa ban taɓa karya doka ba.

Baƙuwar ta tambayi ma'anar riƙo. Uwata ta fassara mata, sannan ta juyo tana murmushi.

"Na ce mata irin wanda ka yi mini ne. Ka riƙe abu don mai shi, ka mayar in lokaci ya yi."

Gonar ubanta na riƙe mata, na kuma damƙa mata ita a gaban shaidu da ta mallaki hankalinta. Kujerar mutanen mazaɓarmu kuwa ban taɓa tunanin tana da masu ita ba. Akwai wani malamin firamare da ya buga fosta har ta koɗe a bango yana jiran zaɓe. Ni na riƙa yi masa dariya a bakin kasuwa. Ya rasu bai ga akwatin zaɓe ba.

Na ce zan yi magana, amma da sharaɗi: kada Uwata ta faɗa wa kowa ni wane ne a wurinta.

"Ki ce wani tsoho ne kika tsinta a hanyar Malumfashi."

"Haba Baba, tsinta kuma? Kai kwabo ne?"

"Da gaske nake, Uwata. Kina da daraja a cikinsu. Kada a ce malamar da ke koyar da wannan abu a gidan mai laifin ta girma."

Ta tashi ta taya matan gida ɗaure buhunan masara.

Ranar ajin ta ɗora kwamfutar a kan turmi a gindin mangwaro, inda sabis ya fi ƙarfi. Fuskoki suka cika gilashin, baƙaƙe da farare, wani ma yana shan shayi. Na sa babbar rigata ta Juma'a.

Ta fara magana da Turanci. Turancina na firamare ne, amma na tsinci kalmar uba a ciki. Na kalle ta. Sai ta maimaita da Hausa, a hankali, don kada in yi shakka.

"Na ce musu wannan mahaifina ne. Shi ya kai ni makaranta a bayan kekensa. Zai gaya musu abin da ya yi da bakinsa, ni kuma zan fassara, ba zan rage komai ba."

Ta miƙo mini ruwa a moɗa, ta gyara mini hula kamar yadda take yi tana ƙarama.

"Bismillah, Baba. Suna jira."

Na fara da malamin firamaren.